Tanderun da Bai Taɓa Cin Wuta Ba

Mai Wuta yana cikin ɓare ledar da ke jikin ƙofar tanderun, sai baƙon ya ƙwanƙwasa ƙarfen gefe da bayan yatsa, ya kara kunne kamar mai zaɓen kankana.

"Baba, da gaske ba a taɓa hura shi ba?"

"Ko ashana bai taɓa gani ba."

"Shekara nawa ke nan?"

"Shida da 'yan watanni."

Baƙon ya ja da baya ya ɗaga kai. Dole ya ɗaga, domin tanderun ya ɗara dogon mutum, cikinsa kuwa mutum uku za su shiga su tsaya ba wanda zai taka wani. Shi baƙon gajere ne mai jiki, fara'a a bakinsa kamar da ita aka haife shi. Da ya naɗe hannun riga, Mai Wuta ya ga gashin hannunsa duk a ƙone, ga tabon ƙuna biyu a jere a damtse. Sai ya ji hankalinsa ya ɗan kwanta. A ransa ya ce, wannan dai ya san wuta.

Shi ma a bakin wuta ya samo sunansa. Shekara talatin da ɗaya ya yi a kamfanin tangaran, wasu su gina, wasu su yi zane, shi ya gasa. Fararen farantai masu shuɗin layi a baki, su ne safe, su ne yamma, har ya kai in ya rufe ido su yake gani suna wucewa a jere. Amma wata rana guntun wayar jan ƙarfe ya faɗa cikin ruwan ƙyallin da ake tsoma kaya kafin a gasa, iska kuma ta yi wa wutar ƙaranci a wannan kwanar tanderun. Da aka buɗe, sai ga kwano ɗaya ja a tsakiyar fararen. Ja ne mai zurfi, irin wanda mutum yake gani in ya rufe ido ya fuskanci rana. Mai Wuta ya riƙe shi da tsumma yana kallo. Shugaban sashe ya zo ya duba, ya ce ɓatacce ne, ya jefa shi a kwandon fasassu.

Kwanon ya tafi, launin bai tafi ba. Da kamfanin ya rufe aka sallame su, abokan aikinsa masu sayen mota suka saya, masu buɗe shago suka buɗe. Shi kuwa ya yo odar tanderu mai aiki da gas, sabo fil. Aka sauke shi a ɗan filin da ke gefen matakalar gidansa, sannan aka zagaye shi da bulo aka yi rufi. Wato ba tanderun aka shigar ɗaki ba, ɗakin aka gina masa.

Daga nan sai gobe ta fara haihuwar gobe. Da farko ya ce sai ya gama gwajin yumɓu. Ya gina kofuna da kwanoni, ya jera su a kanta suna bushewa, ya dube su ya ce a'a, hannun mai gasawa ne, bai zama na magini ba tukuna. Auren 'yarsa Auta ya zo ya ci shekara guda. Gas ya yi tsada. Ko da farashin ya sauko, sai ya ce kayan ba su kai cika tanderu ba, kuma ba a hura irin wannan don kofi ashirin. Kayan suka kai ɗari da wani abu, bai hura ba.

Abin da yake yi kawai, bayan azahar in gari ya yi tsit, sai ya shiga cikin tanderun da kifaffen bokiti ya zauna, ya jawo ƙofar. Bulon ciki farare ne masu laushi, suna shanye kowane sauti. Ta 'yar kafar leƙen wuta zaren haske yake shigowa ya tsaya a gwiwarsa. A nan yake buɗe tanderunsa sau ɗari: ya ga tururin ƙarshe ya fita, ya ga kwanoni jajaye tun daga ƙasa har sama suna ƙara ƙas-ƙas yayin da suke hucewa. A cikin wannan zaman, ko ɗaya bai taɓa fitowa a tsage ba.

"Baba?" Baƙon ne ya dawo da shi. "Na ce bakin wuta nawa gare shi?"

"Shida. Uku dama, uku hagu." Ya yi gyaran murya. "Wane irin yumɓu kake aiki da shi, ɗana? Fari ko ja?"

Mutumin ya ƙyalƙyale da dariya har tumbinsa na rawa.

"Yumɓu? Baba, ni fulawa na sani. Burodi nake gasawa."

Mai Wuta ya tsaya da guntuwar leda a hannu.

"Burodi."

"Burodi, ranka ya daɗe. Tanderuna ya tsage, ana ɗinke shi yana sake buɗewa. Makanikena ya ga hoton wannan a waya, ya ce in aka rage wutar aka sa masa kantoci, zai ɗauki abin da nawa yake ɗauka sau biyu."

"Ka san zafin da wannan yake kaiwa? Digiri dubu da ɗari uku. Dutse yake narkarwa."

"Ni ɗari biyu da 'yan kai sun ishe ni."

Ji ya yi kamar an ce masa za a ɗaura wa dokin sukuwa amalanken ruwa. Da shekara biyu baya ne, da ya nuna wa mutumin nan ƙofa. To amma yau wata bakwai ke nan da Auta ta sa hoton tanderun a waya. Masu kira ba su fi biyar ba. Ɗaya ya ɗauka firij ne na kamfani. Wani mai sayen tsoffin ƙarafa ya zo da ma'auninsa, yana tambaya ko za a cire masa bulon ciki don kar su ƙara nauyi.

Mai burodi ya ga fuskar tsohon ta canza, sai ya sassauta murya.

"Bari in gaya maka gaskiya, Baba. Kalma ɗaya ce ta taso ni: ba a taɓa amfani da shi ba. An ce mini ruwan ƙyallin nan naku akwai dalma da su jan ƙarfe a ciki, in hayaƙinsu ya shiga bulo ba ya fita. Ni kuma abin da mutane za su sa a baki nake yi. Da ka taɓa gasa ko kofi ɗaya a ciki, ko kyauta ba zan ɗauka ba."

Mai Wuta ya yi murmushin da shi kansa bai san na mene ne ba. Shekara shida yana jin kunyar abu ɗaya, ashe shi ne kaɗai abin da yake da shi na sayarwa.

"Na zo da tukunyar gas da kwaɓin burodi a mota," in ji mai burodi. "In ka yarda mu gwada. In ya yi, yau ɗin nan zan kira mota mai ƙugiya."

Suka shigo da tukunyar, suka ɗaura sabon tiyo. Mai Wuta ya shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa yana duban kumfa, ya buɗe hanyar hayaƙi, ya sa aka wangale tagar ɗakin. Hannunsa bai manta komai ba. Ya naɗe takarda ya kunna, ya durƙusa, ya murɗa makunnin a hankali.

Bakin farko ya kama da wani ɗan sauti, fuf, kamar wanda aka tasa daga barci ya yi ajiyar zuciya. Na biyu ya bi. Ya zagaya hagu. Da na shida ya kama, sai ɗakin ya cika da wannan gurnanin da rabonsa da ji tun ranar da aka kashe na kamfani. Ya rufe ƙofar, ya kai ido kafar leƙe. Harsuna shida shuɗaye suna lasar fararen bulo, inuwarsu tana rawa a rufin ciki kamar ruwa a ƙarƙashin gada. Wurin da yake ajiye bokitinsa yana nan, ya ga da'irar da gindinsa ya bari a ƙasa.

Bai san tsawon lokacin da ya yi a haka ba.

"Baba, ya isa. Allurar ma'aunin zafi ta kai. Rage."

"Ta kai ina? Wutar ma ba ta gama farkawa ba." Yana maganar idonsa na kafar. "Sai an yi awa huɗu ciki yake fara ja, ja mai duhu, ka ce idonka ne yake maka gizo. Can ya koma kalar lemo. Ya yi rawaya. Daga ƙarshe ya yi farin da ba ka isa ka kalla ba sai da baƙin gilashi. A nan kayan suke zama kamar za su narke, ka gan su ka ga bayansu. A nan ne ake toshe iska don jan launin ya fito."

"Ni dai in ya kai can, gawayi zan sayar."

Hannun Mai Wuta yana kan makunnin. Murɗawa ɗaya zuwa dama, shi ke nan. Ya daɗe kafin ya murɗa hagu.

Mai burodi ya jera tirensa a kan bulon da suka kafa, suka rufe. Mai Wuta ya wanke hannu ya nufi matakala.

Taki goma sha bakwai ne. Da bai taɓa ƙirga su ba, sai da gwiwoyin matarsa suka ƙi. Malama yake kiranta, kamar yadda duk unguwar take kiranta, don shekara talatin ta yi a tsaye gaban allo. Wata takwas ke nan ba ta sauko ba sai zuwa asibiti sau biyu, su ma ɗauko ta aka yi. Likita ya ce magani zai yi nasa, amma a nema mata ɗaki a ƙasa, ta riƙa ɗan takawa a fili. Ɗakuna biyu ne a ƙasan. Ɗaya shagon tela ne mai iyali, ɗayan na tanderu.

Ya same ta a kujerarta ta bakin taga, tabarau a goshi.

"Ka hura," ta ce, tun bai zauna ba. "Na ji shi a tafin ƙafata. Kamar jirgi zai tashi."

"Na hura."

"To mene ne nake jin ƙamshinsa haka? Kar ka ce mini yumɓun naka har ƙamshi yake."

Ya gaya mata. Ta yi dariya har sai da ta riƙe gwiwa, sannan ta dube shi ta daina.

"Faɗi abin da ke bakinka, Mai Wuta."

"Kwana biyu," ya ce, yana kallon hannayensa. "Yini ɗaya a gasa, kwana ɗaya ya huce. Kayan suna nan, ruwan ƙyallin yana nan a gwangwani, na haɗa shi tun tuni. Sau ɗaya tak, Malama. In gani da idona."

"To yi mana. Na yi wata takwas, kwana biyu ne zai gagare ni?"

"In na yi, ba zai saya ba. Ba kuma lalle wani ya zo ba."

Ta sauke tabarau ta goge da bakin mayafi, ta mayar goshi ba ta sa ba.

"To a bar shi," ta ce. "Da gaske nake. Na saba da saman nan. Iska ma ta fi. Kai kuma tun ina da ƙafata kake ba ni labarin jan kwanon nan, har na fara ganinsa a mafarki, ni da ban taɓa ganinsa ba. Ka gasa, mu huta."

Ya san ba gatse take yi ba, abin da ya fi damunsa ke nan. Ya dubi dakalin tagar, inda fenti ya goge daidai wurin da take ɗora gwiwar hannu. Tagar bangon maƙwabta take kallo. Titi sai mutum ya leƙa sosai yake hango ɗan yanki.

"Af, na tuna," ta ce, kamar ta rufe wancan zancen. "Wa yake sayar da lemo yanzu a bakin kwana? Muryar ta canza."

"Ƙanin mai shi ne. Wan nasa ya koma tuƙi."

"Tun yaushe?"

"An fi wata huɗu."

"Ka gani," ta ce. "Ni ina nan ina cewa mura ce ta kama bawan Allah ta ƙi sakinsa."

Ta yi dariya. Shi bai iya ba. Ya miƙe, ya gyara mata matashin da ke bayanta ko da yake ba abin da ya same shi, ya sauka.

Ya tarar da mai burodi ya fito da tiren farko yana juya ɗaya a hannu, yana hura yatsu. Mai Wuta ya karɓa ya duba ƙasansa, ya dubi na ɗaya gefen.

"Hagu ya fi cin wuta. Ka ga nan? Ka ce wa makaniken naka ya ɗaga kantar ƙasa kamu ɗaya, ya kafa bulo a gaban bakin tsakiya. Kuma kar ka yarda yaranka su buga ƙofar nan, bulon ciki ba ya son duka."

Mai burodi ya dube shi.

"Wato an sayar ke nan, Baba?"

"Kira motarka."

A tsaye suka yi cinikin, ba ja-in-ja. Suka sake gasa tire na biyu don a gwada gyaran, ya fito daidai ko'ina. Sai bayan azahar Mai Wuta ya kashe wutar, baki ɗaya bayan ɗaya, ya bar ƙofar a buɗe.

Kafin birkilan da ya kira don fitar da tanderun ya iso da leburorinsa, Mai Wuta ya kwashe ɗanyun kayan daga kanta ya kai ƙarƙashin matakala. Wani kwano ya suɓuce masa. Bai yi ƙara ba, ɗanyen yumɓu ba ya kuka. Ya dai buɗe gida uku ya zube, ya koma abin da yake tun asali. Ya share da tafin hannu.

Birkila ya zagaya ɗakin, ya auna ƙofa, ya auna tanderu, ya kama haɓa.

"Maigida, wannan ai kamar jariri ne ya girma a ciki. Sai tiyata."

Bangon da ke kallon titi suka fasa. Da gudumar farko ta huda, haske ya shigo a tsaye cikin ƙura kamar sanda. Bulo yana zuba, hasken yana faɗi, har ɗakin ya zama mai bango uku. Suka zura bututun ƙarfe a ƙasa suka gangaro da tanderun bakin titi, jikinsa har yanzu da sauran ɗumi. Mota mai ƙugiya ta ja baya, aka ɗaure shi da manyan igiyoyi.

Da ya rabu da ƙasa, titin ya yi tsit. Tela ya fito da awo a wuya. Masu babur suka tsaya da ƙafa ɗaya a ƙasa. Abu mai nauyin mota yana lilo a sama a hankali, yana juyawa, rana tana zamewa a jikin ƙarfensa, ƙamshin burodi yana binsa. Mai Wuta ya ga kamar in aka kwance igiyar ba faɗowa zai yi ba, sama zai ci gaba da yi, ya wuce wayoyin lantarki, ya wuce tankunan ruwa, ya ƙanƙance har ya ɓace. Sai ƙugiyar ta sauke shi a bayan mota da ƙara, direba ya yi tsalle ya hau ɗaure shi.

Mai burodi ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Ka zo ka gan shi yana aiki, Baba. Kullum da asuba zai ci wuta."

"Allah ya sa albarka."

Ya tsaya har motar ta sha kwana.

"Mai Wuta!" Daga sama ne. "Ka ce wa mutanen nan kar su tafi. Su zo su sauko da ni."

"Malama, ƙura ce ko'ina. Ba bango ma. Ki bari sai an gyara."

"Na ce su zo."

Leburori biyu suka ɗauko ta a kan kujerarta, tana ba su umarni taki-taki kamar 'yan aji uku: kai na gaba rage sauri, kai na baya kar ka kalli ƙafarka, kalli gabanka. Suka ajiye ta a tsakiyar ɗakin, a kan murabba'in siminti mai tsabta da tanderun ya bari, fuskarta na kallon titi.

Motoci suna wucewa daidai idonta, da ƙafafun mutane, da wata mata mai tura keken jariri. Can wata ta hango ta daga tsallake ta ƙwala, "Malama! Ke ce?" Ta ɗaga hannu. Mai lemo ya taso da guda uku a leda ya durƙusa ya gaishe ta, ta ƙare masa kallo ta ce lalle ya fi wansa tsawo.

Birkila ya matso yana kaɗe hula.

"Maigida, gobe in mayar da bangon yadda yake?"

"Tambayi mai ɗakin."

"Taga," in ji Malama. "Babba. Ƙasa-ƙasa, yadda na zaune zai gani."

Bayan sun watse, Mai Wuta ya jawo bulo biyu ya zauna a gefenta. Rana ta yi sanyi. Ya rasa inda zai sa idonsa a ɗakin, ko'ina fili. Sai ya ga ta ɗan motsa ƙafa, ta dubi ƙasa.

"Wurin nan da ɗumi."

Ya ɗora tafin hannu a simintin. Da ɗumi kuwa, mai laushi, irin wanda yake tasowa daga can ciki.

"Zai kai magariba," ya ce. "Siminti ba ya saurin saki."

Ya sunkuya ya zare mata takalman, ya ɗaga ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya ya shimfiɗa su a ƙasa. Ta jingina kai da kujera, ta lumshe ido, ta yi doguwar ajiyar zuciya.

"Ka ga," ta ce, "ashe abin naka yana da amfani."

Shi ma ya cire nasa takalman.